Motar tsere mai kilomita 200,000: arahar Turai, ɗawainiyar Sahel

Duk wanda ya taɓa leƙa filayen sayar da motoci na Sekanji a bayan Kwatano, ko na bakin tashar jiragen ruwa ta Lome, ko na Duwala, ya san yadda jerin yake: Corolla, Avensis, RAV4, Hilux, sai ƙananan bas-bas. Amma a tsakaninsu ba a rasa wata mai ƙofa biyu, mai ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa, wadda samari ke tsayawa su ɗauki hoto a jikinta. Ko dai BMW ce, ko Audi TT, ko Mustang da Camaro da aka kwaso daga gwanjon Amurka. Abin da ke jan hankali shi ne kuɗinta, domin sau da yawa bai wuce na Corolla mai lafiya ba, alhali ranar da suka fito daga kamfani kuɗinta ya ninka na Corollar biyu ko uku.

Ciniki kan tsaya ne a kan lamba ɗaya. Mai saye ya sunkuya ya duba agogon kilomita, ya ga 190,000 ko 220,000, ya ce ta sha tafiya, a rage masa. Dillali ya ce ai injin Bajamushe ne, yanzu ma ya fara buɗewa. Su yi ta ja har a sallama. A ganina dukansu biyu suna jayayya ne a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Lambar nan ita ce abu mafi sauƙin sauyawa a jikin motar, kuma ko da gaskiya ce, ba ta faɗin abin da mai saye yake buƙatar sani: me aka gyara, yaushe aka gyara, me ya rage ba a gyara ba. Wannan tarihin yana nan a rubuce a ƙasar da motar ta fito. A bakin teku yake tsayawa, motar ta ƙetaro ita kaɗai.

Maganar ta wuce ta saurayi ɗaya da sha'awarsa. A watan Oktoba na 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka shigo. Daga cikin ƙasashe 146 da aka duba, kusan kashi biyu cikin uku dokokinsu na shigo da irin waɗannan motoci masu rauni ne ko masu rauni ƙwarai. Motar tsere 'yar ƙaramar kusurwa ce a wannan babbar kasuwa, amma a jikinta ne aibin kasuwar ya fi fitowa fili. Corolla tana yafe wa mai ita sakaci mai yawa. Motar tsere ba ta yafewa.

Arahar da ke da dalili

A Turai darajar mota na faɗuwa kowace shekara, amma kuɗin gyaranta ba ya bin ta ƙasa. A ɗauki misali: motar da aka saya sabuwa Yuro 60,000, bayan shekara 15 tana iya komawa Yuro 6,000, wato kusan sefa miliyan 4 tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Sai dai birkinta da kulocinta da tayoyinta masu faɗi har yanzu na motar Yuro 60,000 ne. Ga shi kuma awa ɗaya ta aikin bakanike a garejin kamfani a Jamus ko Beljiyam tana wuce Yuro 100.

A Jamus da Faransa tsohuwar mota tana zuwa binciken lafiya duk shekara biyu. Ranar da masu bincike suka lissafo wa mai ita gyaran da ya fi kuɗin motar, ranar ce yake tuna da ɗan katin da wani ya maƙala masa a gilashi, mai cewa ana sayen mota ko wace iri, kuɗi hannu. Daga nan sai unguwar Heyvaert a birnin Brussels, inda 'yan kasuwa 'yan Labanan da na Afirka ta Yamma suka yi shekaru suna tara motoci, sai tashar Antwerp, sai jirgi. Sunan da muke kiran waɗannan motoci da shi, 'yan Baljiyam, daga nan ya samo asali, ko da kuwa motar daga Jamus ko Suwizalan ta taso. Wani abin da ke ƙara turo su shi ne dokar hana tsofaffin motoci shiga tsakiyar gari saboda hayaƙi, wadda Antwerp ta fara a 2017, Brussels ta bi a 2018.

Ma'ana, mai motar bai sayar da ita don ya gaji da launinta ba. Ya sayar ne daf da babban gyara, kuma wanda ya saye ta a Kwatano ya sayi wannan gyaran tare da ita, sai dai ba a rubuta shi a rasit ba.

Hukumar binciken muhalli da sufuri ta ƙasar Holan ta leƙa cikin motocin da ake lodawa zuwa Afirka ta Yamma, ta fitar da sakamako a 2020. Yawancinsu shekarunsu tsakanin 16 da 20, da yawa ba su da takardar lafiya mai aiki, yawancinsu ba su kai matakin hayaƙi na Euro 4 ba, wasu kuma an yanke musu tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikan Najeriya ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Binciken a Holan aka yi shi, amma 'yan kasuwar da jiragen da tashoshin da ake saukewa duk ɗaya ne da na maƙwabtanta.

Lambar da ke kan agogo

A da sai an kwance agogo an murɗa lambobi da hannu. Yanzu na'ura ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, cikin 'yan mintuna 280,000 ta koma 140,000. Turawa da kansu sun san girman abin. A watan Mayu na 2018 Majalisar Tarayyar Turai ta zartar da ƙuduri a kai, kuma ƙiyasin da ta dogara da shi ya ce tsakanin kashi 5 zuwa 12 cikin ɗari na motocin hannu da ake sayarwa cikin ƙasa ɗaya an taɓa agogonsu, amma idan mota ta ƙetare iyaka adadin yana kai kashi 30 zuwa 50. Wannan fa tsakanin ƙasashen Turai ne, inda ake da kotu da 'yan sanda masu magana da juna. Sai mutum ya ƙiyasta yadda abin zai kasance idan iyakar teku ce.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan, kuma a ƙasar da motocin suka fi bi. Tun 2006 Beljiyam take da tsarin Car-Pass: duk lokacin da mota ta shiga gareji ko wurin bincike, ana aika lambar kilomitarta zuwa rumbu guda, kuma mai sayarwa dole ya miƙa wa mai saye takardar da ta jera su duka da kwanan wata. Tsarin ya kusa kashe wannan ha'inci a cikin Beljiyam. Holan tana da irinsa, Faransa kuma ta buɗe shafin HistoVec a 2019, inda mai mota zai iya ciro tarihinta kyauta ya tura wa mai saye. Sai dai dokar Beljiyam ta wajabta takardar ne idan mai sayen mutum ne da zai hau, ba ɗan kasuwar mota ba. Motar da za a fitar kuwa daga hannun ɗan kasuwa take zuwa hannun ɗan kasuwa. Ta nan tarihin yake zubewa.

Akwai kuma ruɗanin da ba ha'inci ba ne, rashin lura ne. Motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita 1.6. Wanda ya ga 120,000 a agogon Mustang ya yi murna, a gaskiya kilomita 193,000 yake kallo.

Motar kanta takan tona asiri idan an san inda za a tambaye ta. A motocin zamani, musamman na Jamus, ba agogo kaɗai ke riƙe da lambar ba. Kwamfutar injin da ta giya sukan ajiye nasu lissafin, wasu BMW ma har a cikin makulli, kuma mai gaggawa ba kowane lokaci yake bi ya goge duka ba. Bakanike mai na'urar bincike zai iya kwatantawa. Wanda ba shi da na'ura yana da ido: sitiyarin da ya yi sulɓi, robar birki da ta cinye, gefen kujerar direba da ya lotsa, 'yar takardar juye da aka manta a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet ɗauke da wata lamba dabam.

Ko da lambar gaskiya ce, kilomita ba duka ɗaya ba ne, kuma a nan ne nake ganin masu saye suka fi cutar kansu. Motar da wani dattijo ya yi shekara 12 yana kai-komo da ita a babban titi tsakanin Kolon da Frankfurt, yana yi mata juye a kan kari, tana iya kai 250,000 injinta garau. Wata kuma mai 90,000 ta bi hannun samari biyar, kowanne ya taka ta da sanyin safiya kafin baƙin mai ya ɗumama, ɗaya ya sa an taɓa kwamfutarta don ƙarin ƙarfi, na ƙarshe ya daina juye saboda ya san sayarwa zai yi. Ta farkon ta fi ta biyun nesa ba kusa ba, amma a filin Sekanji ta biyun ce za ta fi tsada. Motar tsere kuwa, ba don a lallaɓa ta ake sayenta ba.

Kowace irin mota kuma tana da ciwonta da masu ita suka sani a can. Mazda RX-8, wadda aka ƙera daga 2003 zuwa 2012, injinta ba shi da fistin, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa a ciki. Shan baƙin mai ɗabi'arsa ce, kuma idan bakin kusurwoyin ya cinye, motar takan ƙi tashi in ta yi zafi. Bakaniken da zai buɗe wannan injin ya mayar da shi daidai, sai an tona. Porsche Boxster da 911 na tsakanin 1997 da 2008 suna da wani ɗan boris a cikin injin wanda idan ya fashe yakan tafi da injin gaba ɗaya. BMW 335i ta farko ta yi fama da famfon tura fetur har kamfanin ya kira motoci a Amurka a 2010 domin sauya shi. Giyar DSG mai hawa shida ta Golf GTI da Audi TT tana son a sauya mata mai duk kilomita 60,000, bel ɗin injin tsohuwar TT kuma idan ya tsinke, bawul da fistin ne ke karo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da agogo zai faɗa. Rasit ɗin gareji ne ke faɗa, shi kuwa yana can cikin durowar wani a Turai.

Na Amurka da Kanada

Motocin da ke zuwa daga Amurka labarinsu dabam ne. Da yawa daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da motar da inshora ta ga gyaranta ya fi ƙarfin darajarta. Wata hatsari ta yi, wata ambaliya ce ta shanye ta. Guguwar Harvey a Texas a 2017 da ta Ian a Florida a 2022 kowacce ta nutsar da motoci dubu ɗaruruwa. Motar ambaliya kyan ɗan maciji ne da ita: bodi lafiya, fenti na sheƙi, kilomita kaɗan, amma ruwa ya riga ya kwanta cikin wayoyi, sai bayan watanni fitilu su fara kamawa ɗaya bayan ɗaya. Ta hatsari kuwa akan daddaɓe ta a Legas ko Kwatano ko Sharja, wani lokaci a rufe gurbin jakar iskar da ta fashe ba tare da an sa sabuwa ba. A motar da ke iya gudun kilomita 250 a awa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Alherin na Amurka shi ne tarihinsu bai ɓuya ba. Kowace mota tana da lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba. Da ita ake ciro rahoton Carfax, sau da yawa ma rubuta ta kawai a intanet yakan fito da hotunan motar ranar da aka yi gwanjonta, gabanta a rugurguje. Dillalin da ya ƙi ba da wannan lamba kafin a tura masa kuɗi cinikin biri a sama yake so a yi da shi.

Sai batun asalin motar. Kanada ta yi fama da satar motoci masu tsada a 'yan shekarun nan, kuma an gano wasunsu a Gana da Najeriya. A 2025 hukumar EOCO ta Gana ta karɓe wata Lamborghini Urus daga hannun mawaƙi Shatta Wale bisa buƙatar hukumomin Amurka, waɗanda suka danganta motar da dukiyar damfara ta wani mutum da aka ɗaure a can. Idan mai suna da lauyoyi zai wayi gari a ɗauke masa mota, ɗan zango da ya biya dillali kuɗi hannu ba rasit ba shi da inda zai kai kuka. Rumbun Interpol na motocin sata da lambar shasi yake aiki, kuma a kan iyaka aka fi duba shi, wato daidai inda masu karanta wannan shafi suka fi bi.

Mai, hanya da zafi

A ce an yi sa'a, motar lafiyarta ƙalau, takardunta tsaf. Saura abin da za ta sha da inda za ta taka.

Injin tsere yana matse fetur sosai, don haka yana son mai ƙarfin oktan 95 ko 98. A yawancin gidajen manmu famfon fetur iri ɗaya ne, ba zaɓi. Idan man bai kai ba, kwamfutar injin takan ja da baya don kare shi, ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa ya ragu, zafi ya ƙaru. Ga kuma sinadarin sulfa. Rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya nuna yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai na musamman don Afirka, wanda sulfarsa ta ninka abin da doka ta yarda a Turai sau ɗaruruwa. An sami gyara tun lokacin, Holan da Beljiyam sun tsaurara dokar fitar da irin wannan man, amma gyaran bai kai ga kwalba ba. Man 'yan ruwa-ruwa na Maraɗi da Damagaram, zuwa-zuwa na Garwa da Marwa, kpayo na Benin, duk ya bi jarka da rana da ƙura kafin ya iso tanki. Tsohuwar Corolla takan haɗiye ta wuce. Injin da ke fesa fetur kai tsaye da matsi mai ƙarfi, ɗan ruwa ko yashi ya ishe shi.

A yi lissafi da farashin Kamaru, inda litar fetur ta tashi daga sefa 730 zuwa 840 a watan Fabrairu na 2024. Motar da ke shan lita 13 a kilomita 100, idan ta yi kilomita 1,000 a wata, ta sha na sefa 109,200. Mai shan lita 7 za ta sha na 58,800. Bambancin kaɗai ya wuce mafi ƙarancin albashi na Nijar, wanda yake sefa 42,000. A ƙasashen renon Faransa kuma binyet da inshora da ƙarfin injin ake auna su, Kamaru ma tana ƙara haraji a duwan gwargwadon tsufan mota da girman injinta, abubuwa biyun da tsohuwar motar tsere ta haɗa.

Hanya ba ta buƙatar dogon bayani. Tsakanin cikin motar tsere da ƙasa bai cika wuce santimita 12 ko 13 ba, Hilux kuwa ta haura 20. Wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri, ko ta Tawa zuwa Agadas, ko ma tudun rage gudu da mutanen unguwa ke ginawa da kansu, ya san abin da zai sami tukunyar baƙin mai. A watan Afrilu zafin Yamai da Njamena yana wuce digiri 40, robobin lagireto da suka shekara 15 a sanyin Turai a nan suke tsagewa.

Iyakokin da ke buɗewa da rufewa

Abin da ya bambanta mai karatunmu da mai sayen irin wannan mota a Legas ko Abijan shi ne iyaka. Motar da kanta ta iyaka take zuwa, kayan gyaranta ma haka, ranar sayar da ita ma haka.

Shekaru da dama Kwatano ce ƙofar. Motoci kan sauka da takardar wucewa zuwa Nijar, a tuƙo su fiye da kilomita 1,000 a kan tayoyinsu, da yawa kuma su sulale Najeriya ta wajajen Ƙonni da Maraɗi. Najeriya ta haramta shigo da mota ta iyakar ƙasa daga 1 ga Janairu 2017, sannan ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka rufe gadar Malanbil zuwa Gaya. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja ta Kaya da Dori da Tera. Kowace ƙarin rana a hanya kuɗi ce. Motar ƙasa-ƙasa kuma, ko a ɗora ta kan tirela kuɗi ya ƙaru, ko a ba direban da ake biya da tafiya ya tuƙo ta cikin ramukan da manyan motoci suka haƙa. Na ciki na Kamaru da Chadi tasu doguwar hanyar daga Duwala take, kusan kilomita 1,800 kafin Njamena.

Kayan gyaran Corolla kuwa ko a kasuwar ƙauye ana iya dacewa. Na motar tsere sai Ladipo a Legas, ko Abossey Okai a Akara, ko Camp Yabassi a Duwala, in an yi sa'a Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a yi ba sai an yi odar Dubai. Famfon da bai fi tafin hannu ba yana iya ajiye mota wata biyu a ƙofar gida, ƙarƙashin tamfol, yara na wasa a kanta.

Sai abin da ya fi damuna. A wurin Bahaushe ɗan kasuwa, musamman wanda yake zaune a ƙasar da ba shi da gona ko gidan gado, mota ajiya ce. Idan ciniki ya karye ko rashin lafiya ta taso, a fitar da Corolla da safe, kafin la'asar an sami mai saye. Motar tsere masu sonta da yawa, masu sayenta kaɗan, kuma waɗannan kaɗan ɗin suna manyan biranen bakin teku, bayan wata iyakar. Duwan da aka biya a Nijar ba ya aiki a Najeriya, na Kamaru ba ya aiki a Gana. Kafin a sayar sai an sake biya, ko a faɗar da ita ga wanda ya ga an matsu. A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, wanda aka ɓoye wa aibi yana da damar mayar da kaya. To amma wa za a mayar wa? Dillalin gari zai ce haka ya karɓo, na Kwatano zai ce haka aka sauke, wanda ya murɗa agogon kuwa yana wata nahiya.

Dokar shekaru ko dokar takarda

Gwamnatoci sun fi son maganin da ya fi sauƙin rubutawa, wato ƙayyade shekaru. Kodebuwa ta hana shigo da ƙaramar motar da ta wuce shekara 5 tun 2018. A 2020 ƙasashen CEDEAO suka amince da matakin Euro 4 ga motocin da za a shigo da su, da rage sulfa a man da ake shigowa da shi zuwa kashi 50 cikin miliyan, da iyakar shekaru. Aiwatarwa ta yi tafiyar hawainiya, kuma a ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Kamaru da Chadi dama a CEMAC suke. Sakamakon shi ne yanki ɗaya mai dokoki barkatai, kuma motar da aka rufe wa ƙofa a wata tasha ba Turai take komawa ba, ƙofar da ke buɗe take nema.

Ni dai ban ga dokar shekaru ita kaɗai za ta kare mai saye ba. Tana tsadar da mota ga malamin makaranta da ma'aikacin asibiti, tana ciyar da 'yan fasa-ƙwauri, sannan motar ambaliya 'yar shekara uku tana wucewa ta cikinta salin-alin, ta bar mai lafiya 'yar shekara 12 a waje. Kenya ta haɗa abu biyu: iyakar shekara 8, da binciken mota tun a ƙasar da za ta taso kafin a loda ta. Takardar fitar da mota ta Japan kuma tana ɗauke da kilomitar da aka rubuta a binciken da aka yi mata a baya. Irin wannan bai fi ƙarfin Yamai ko Yawunde ko Njamena ba, kuma ba ya jiran taron shugabanni: duwan ta nemi takardar binciken ƙarshe mai ɗauke da kilomita kafin ta saki mota, ta rubuta lambar a takardar mallaka, wuraren binciken mota na cikin gida su ci gaba da rubutawa duk zuwa. Masu asara a wannan tsari su ne masu cin riba da duhun, kuma ba su da nisa da ofisoshin da za su sa hannu.

Kafin a kai can, mai saye yana da 'yan makamansa. Ya karɓi lambar shasi kafin ya saki ko sefa ɗaya. Ya zo da bakanikensa, ba na dillali ba, ya tarar da injin da sanyi, domin motar da aka ɗumama kafin ya iso akwai abin da ake ɓoye masa. A auna matsin injin, a ɗaga ta a dubi cikinta, a ɗaga kafet a shinshina. Idan kuɗin motar ne kaɗai a hannunsa, ba na gyaran farko, to kuɗin bai cika ba.

Sauyin da ya fi kusa daga Turai yake tahowa. A watan Yuli na 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da daftarin dokar da za ta hana fitar da motar da ba ta cancanci hawa titi a can ba. Ranar da ta fara aiki da gaske, filayen Heyvaert za su ragu, 'yar Baljiyam za ta yi tsada amma ta ɗan fi lafiya. Dokar ba ta shafi gwanjon Texas ba, ba ta shafi garejojin Sharja ba, ba ta kuma shafi motocin da ke gangarowa daga Libiya ta hamada zuwa Agadas da arewacin Chadi ba, waɗanda a cikin duka hanyoyin su ne suka fi zuwa ba takarda.